Tarihin Juda Magnes, malamin Yahudawan da ya ƙi yarda a raba Falasɗinu

Duk lokacin da wuta ta sake tashi a Gaza ko a Kudus, za ka ji manyan duniya sun koma kan maganarsu ta kullum, wato a kafa ƙasa biyu, ɗaya ta Yahudawa, ɗaya ta Falasɗinawa. Can gefe kuma akwai 'yan tsiraru da ke cewa a daina yaudarar kai, mutanen nan sun riga sun cakuɗe, a yi ƙasa ɗaya kawai, kowa da ƙuri'arsa da 'yancinsa. Da yawanmu muna ɗauka wannan magana ta biyu sabuwa ce, ko kuma Gaddafi ne ya ƙirƙiro ta lokacin da ya fito da sunan Isratin. To, tun kafin a kafa Isra'ila akwai wani Bayahude, malamin addini kuma shugaban jami'a, da ya shafe kusan shekara 20 yana wannan kira har ya zama mujiya a cikin mutanensa. Sunansa Juda Liyon Magnes.

An haife shi ranar 5 ga Yuli 1877 a birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ya tashi a Oklan, wani gari da ke tsallaken ruwa daga can. Mahaifinsa baƙo ne daga Folan, mahaifiyarsa kuma daga ɓangaren Jamus. Sunan da aka raɗa masa Juliyan ne, sai da ya girma ya mayar da shi Juda, sunan da ya fi kama da na kakanninsa. Ya yi karatu a Jami'ar Sinsinati da kuma makarantar horar da malaman addinin Yahudu da ke garin, aka naɗa shi rabbai a 1900. Daga nan ya wuce Jamus, ya zauna Barlin da Haidalbag, ya samu digirin digirgir a 1902.

A Jamus ne ya kamu da aƙidar Sahayoniya. Wannan fa sai a riƙe shi da kyau, don kada mai karatu ya ɗauka labarin wani ne da ya tsani komawar Yahudawa Falasɗinu. Yana son komawar, kuma shi da kansa ya koma. Amma tun a wancan zamani 'yan Sahayoniya iri biyu ne. Akwai mabiya Tiyodo Hazil, masu son ƙasa mai tuta da soja da gwamnati. Akwai kuma mabiya wani marubuci da ake kira Ahad Ha'am, waɗanda abin da ya dame su shi ne a samu cibiya a Falasɗinu inda harshen Ibrananci da ilimi da al'adar Yahudawa za su farfaɗo, ko da mulki bai zo hannunsu ba. Magnes na ɓangare na biyu ne, kuma duk rigimar rayuwarsa daga nan ta samo tushe.

Da ya dawo Amurka ya fara limanci a Buruklin a 1904, bayan shekara biyu aka ɗauke shi a majami'ar Emanu-El da ke Niyok, wadda a lokacin ita ce wurin ibadar attajiran Yahudawa 'yan asalin Jamus. Saurayi ne mai kwarjini, ga baki. A 1905, da aka yi wa Yahudawa kisan gilla a garuruwan Rasha, yana cikin waɗanda suka shirya gagarumin jerin gwano a Niyok, har ya tara kuɗin da Yahudawan can za su kare kansu da shi. A 1908 ya auri Biyatris Lowenstain, auren da ya haɗa shi surukuta da Luwis Mashal, babban lauya kuma jigo a cikin Yahudawan Amurka. Wato dai da ya so ya kwanta ya ci arziki, ƙofa a buɗe take.

A wannan shekara ta 1908 ne kwamishinan 'yan sandan Niyok, Tiyodo Bingam, ya rubuta a wata mujalla cewa kusan rabin masu laifi a birnin Yahudawa ne. Daga baya ya janye maganar, amma ta riga ta yi ɓarna. Yahudawan birnin a lokacin sun kai wajen miliyan ɗaya, akasarinsu sababbin zuwa daga gabashin Turai, talakawa, cunkushe a unguwa guda, kuma ba su da baki ɗaya. Duk wanda ya zauna Sabo a Ibadan ko Agege ko Idi-Araba ya san wannan ciwon: mutum ɗaya ya yi sata, a kira sunan ƙabila gaba ɗaya. Abin da Magnes ya yi shi ne ya haɗa ƙungiyoyi sama da 200 a ƙarƙashin inuwa ɗaya da suka kira Kehila, wato al'umma, a 1909, shi ne kuma shugabanta har 1922. Sun kafa ofishin kula da makarantun addini, suna shiga tsakani a rikicin ma'aikata da masu masaƙu, har da wani sashe da ke tattara bayanan 'yan daba da gidajen caca na unguwarsu yana miƙa wa hukuma. Kusan aikin da fadar Sarkin Hausawa ke yi a zango, sai dai nasu da sakatare da fayil.

Mutum ne da ba ya iya haɗiye magana. A 1910 ya hau mumbari ya faɗa wa attajiran Emanu-El cewa sun wanke addininsu har ya koɗe, ya nemi a dawo da Ibrananci da wasu tsofaffin al'adu. Ba su yarda ba, ya ajiye aikin. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kowa na rawar kishin ƙasa, shi kuwa ya fito fili ya ce bai yarda da yaƙi ba ko wane iri ne, yana ta jawabi a tarukan masu adawa da shi. Manyan Yahudawan da ke ɗaure masa gindi suka tsorata kada a ce al'ummarsu maciya amana ne, suka janye jiki. Kehila ma daga nan ta fara lalacewa.

Ranar 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajen Birtaniya, Balfo, ya fitar da takardar nan da ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu. 'Yan Sahayoniya suka yi ta murna, amma Magnes bai saki jiki da ita ba. A ganinsa kyauta ce daga ɗan mulkin mallaka wanda ba shi da ikon bayar da ƙasar, kuma za ta sa Larabawa su riƙa kallon Yahudawa a matsayin 'yan koren Ingila. Duk da haka a 1922 ya kwashi iyalinsa ya koma Kudus. Ƙidayar da Turawa suka yi a shekarar ta nuna mutum kusan 757,000 ne a ƙasar, Yahudawa wajen 84,000, wato kashi 11 cikin 100.

A Kudus ya sa kansa a aikin kafa Jami'ar Ibrananci a kan Dutsen Sikofus. An buɗe ta ranar 1 ga Afrilu 1925, Balfo da kansa ya halarta, Larabawan birnin kuma suka rufe shaguna don nuna fushi da zuwansa. Magnes ne shugabanta na farko, kuma kuɗin attajiran Amurka irin su Filiks Wabag ta hannunsa suke shigowa. Cikin sassan farko da aka buɗe akwai na nazarin Larabci da tarihin Musulunci, a 1926. Bai sha da daɗi ba a nan ma, domin Albert Einstein, masanin kimiyyar nan, ya daɗe yana sukar yadda yake tafiyar da jami'ar. A 1935 aka rage masa iko aka ba shi kujerar girmamawa, wadda ya riƙe har mutuwarsa.

Abin da ya fito da shi fagen siyasa shi ne rikicin Agusta 1929, wanda ya tashi a kan katangar da Musulmi ke kira Buraƙa, Yahudawa kuma ke ibada a gindinta. Cikin mako guda an kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116, yawancin Larabawan a hannun 'yan sanda da sojan Birtaniya. A Al-Khalil kaɗai an kashe Yahudawa sama da 60, ko da yake a garin ne kuma wasu iyalan Larabawa suka ɓoye maƙwabtansu Yahudawa a gidajensu suka tsira. Jini bai gama bushewa ba, a watan Nuwamba, Magnes ya tsaya gaban malamai da ɗalibai a bikin buɗe zangon karatu ya ce idan gidan Yahudawa ba zai tsayu ba sai a kan bakin bindigar wata daula, to aikin bai cancanci a yi shi ba. Ɗalibai suka yi masa ihu. Jaridun Yahudawa suka yi masa ca, wasu na neman a kore shi daga jami'a.

Bai ja da baya ba. Ya fitar da ɗan littafi a 1930 inda ya zayyana abin da yake nema. Abu uku ne: a bar Yahudawa su shigo, a bar su su zauna a ƙasa su yi noma, a bar su su raya harshensu da al'adarsu. Idan aka tabbatar masa da waɗannan, a shirye yake ya haƙura da ƙasar Yahudawa zalla, ya haƙura da neman rinjaye. Har ya goyi bayan a kafa majalisar dokoki ta ƙasar, abin da shugabannin Sahayoniya ke gudu kamar wuta, don sun san Larabawa ne za su fi yawa a cikinta. Akwai wata ƙaramar ƙungiyar masana da ake kira Birit Shalom, wadda aka kafa a 1925, mai irin wannan ra'ayi. Bai yanki katinta ba, amma kowa ya san tafiyarsu ɗaya.

Shekarun 1930 ya yi su ne yana dillanci tsakanin ɓangarorin biyu. A gidansa Dauda Ben-Guriyon ya zauna da Auni Abdul-Hadi, jagoran jam'iyyar Istiƙlal, a 1934. Shi ne kuma ya raka Ben-Guriyon wajen Joj Antoniyos, marubucin nan Kirista Balarabe, a 1936. Zaman bai haifar da komai ba, domin Ben-Guriyon maganar shigo da miliyoyin Yahudawa yake yi, su kuwa Larabawa jin wannan adadi kaɗai ya isa ya tashi taro. Musa Alami, wani lauya ɗan babban gida a Kudus wanda ya yi karatu a Kambirij, ya taɓa nuna wa Ben-Guriyon cewa gara ƙasar ta zauna a talauce shekara 100 har Larabawa su iya gina ta da kansu, da a gina musu ita a karɓe. A 1936 ɗin, Magnes da wasu manyan Yahudawa huɗu suka tsara wani tayi da suka tattauna da Musa Alami, cewa a ƙayyade shigowar Yahudawa ta yadda bayan shekara 10 ba za su wuce kashi 40 cikin 100 ba. Hukumar Yahudawa ta yi ta jan ƙafa har maganar ta bi ruwa.

A kara, dillali yana da daraja ne idan mai saniya ya damƙa masa igiya, ko mai saye ya aiko shi. Matsalar Magnes ke nan tun daga farko har ƙarshe: babu wanda ya damƙa masa igiya. Idan ya je wa Larabawa da tayi, sai su tambaya ko da yawun Ben-Guriyon da Waizman yake magana, amsa kuma a'a ce. Idan ya dawo wajen nasa, sai su ce ya nuna musu Balarabe ɗaya mai mabiya da zai sa hannu a takarda a bainar jama'a, nan ma shiru.

Kuma lokaci ba ya jiransa. Hitila ya hau mulki a Jamus a 1933, Yahudawa suka fara tururuwa, a 1935 kaɗai sama da 60,000 suka shigo Falasɗinu. Ga kuma maganar filaye, inda attajiran da ke zaune a Beirut, irin su gidan Sursuƙ, suka sayar da manyan gonaki aka tashi manoman da suka gaji noma a wurin. A 1936 Larabawa suka yi bore wanda ya kai har 1939, Birtaniya ta murƙushe shi da ƙarfin tsiya. A tsakiyar boren ne kwamitin Fil ya kawo shawarar raba ƙasar a 1937, karo na farko ke nan da hukuma ta furta haka. Magnes ya tafi Zurik a Suwizalan ya tsaya gaban taron Hukumar Yahudawa ya yi gargaɗin cewa rabawa yaƙi za ta haifa marar ƙarewa, domin duk inda aka ja layi za a bar ɗimbin Larabawa a cikin kason Yahudawa, kuma ba za su tashi da daɗin rai ba. Nan ma hayaniya aka yi masa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutumin da ya rasa komai a 1917 saboda ƙin yaƙi ya fito ya ce wannan karon dole a yaƙi Hitila. Ya yi haka ne da nauyin zuciya. A watan Mayu 1942 'yan Sahayoniya suka taru a otal ɗin Biltimo a Niyok suka ayyana a fili cewa Falasɗinu gaba ɗaya suke so ta zama ƙasar Yahudawa. A watan Agusta Magnes ya mayar da martani da kafa ƙungiyar Ihud, ma'ana haɗin kai, tare da masanin falsafa Matin Buba, da Henriyeta Sold wadda ta kafa ƙungiyar matan Hadasa, da wani tsohon manomi marubuci, Moshe Similanski. Ba su taɓa wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Tsarin da suka zo da shi ya kamata a duba shi dalla-dalla, domin ya bambanta da abin da masu kiran ƙasa ɗaya ke nufi yau. Su ba mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya suke faɗa ba. Ƙasa ɗaya ce mai al'umma biyu, kowace da majalisarta da ke kula da makarantu da addini da al'adunta, sannan a gwamnatin tsakiya a yi kunnen doki, kujerun Yahudawa daidai da na Larabawa ko wane ne ya fi yawa. A bar Yahudawa su ci gaba da shigowa har yawansu ya kamo na Larabawa, daga nan kuma sai da yardar juna. Sannan Falasɗinu ta shiga tarayya da Siriya da Labanan da Jodan, don Larabawan Falasɗinu su daina jin tsoron za a shanye su, tunda a faɗin tarayyar su ne masu rinjaye nesa ba kusa ba. Misalan da yake yawan kawowa su ne Suwizalan da Beljiyam, inda masu harsuna daban-daban ke zaune a ƙasa guda.

Ya gabatar da wannan tsari a gaban kwamitin bincike na Ingila da Amurka a Kudus a watan Maris 1946, kuma ya burge su. Rahoton da suka fitar ya ce a shigo da Yahudawa 100,000 daga sansanonin Turai nan take, kuma kada Falasɗinu ta zama ƙasar Yahudawa ko ta Larabawa. Wannan shi ne mafi kusa da ya taɓa zuwa ga nasara. Sai shugaban Amurka Turuman ya ɗauki maganar 100,000 ya bar sauran, firaministan Birtaniya Atili kuma ya ce ba za a yi komai ba sai ƙungiyoyin Yahudawa masu makamai sun ajiye su. Rahoton ya mutu a nan.

A gaban wannan kwamiti ne aka ba Magnes amsar da, a ganina, ta fi kowace nauyi. Albat Hurani, matashin masani da ya yi magana da yawun Ofishin Larabawa, ya yaba da gaskiyar mutumin, sannan ya nuna cewa irin wannan ƙasa ba ta tafiya sai da amana tsakanin al'ummun biyu, kuma da akwai amanar da tun farko ba a buƙaci tsarin ba. Idan kujeru kunnen doki ne kuma kowane ɓangare ya kafe, gwamnati za ta tsaya cik, sai wani na waje ya zo ya raba gardama. Ka duba kuma ta idon Bafalasɗine na lokacin. Su ne kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar, filayen da Yahudawa suka mallaka ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, sai a ce ya yarda a yi raba daidai da wanda ya sauka daga jirgi jiya, har ma a ci gaba da shigo da wasu. Abin da shugabanninsu suka nema shi ne ƙasa ɗaya mai bin rinjaye, Yahudawan da ke ciki su zauna a matsayin 'yan ƙasa tsiraru. Ta idon Bayahude kuwa, an gama kashe musu mutum miliyan 6 a Turai, inda suka zauna a matsayin tsiraru masu dogaro da alkawarin gwamnati. Ka ce masa ya sake zama tsiraru, ko ya jira yardar wani kafin ya shigo da ɗan'uwansa daga sansani, ai ba zai saurare ka ba. Abokan hamayyar Magnes ma sukan yi masa gorin cewa shi fasfon Amurka ne a aljihunsa, in ta ɓaci yana da wurin komawa.

Akwai kuma wani rami a cikin tafiyar tasa. Tunda ɓangarorin biyu sun ƙi, sai ya koma yana roƙon Ingila da Amurka su ɗora tsarin a kansu, su tsaya su gadi shi na tsawon shekaru. To ai wannan ita ce bindigar daular da ya la'anta a 1929. Labanan da ke maƙwabtaka ta gwada rabon kujeru tsakanin addinai tun 1943, shugaban ƙasa Kirista, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a, ta ƙare da yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990. Saifurus ta gwada tsakanin Girkawa da Turkawa a 1960, cikin shekara uku abin ya watse. Amma kuma gaskiya ɗaya ce, raba ƙasar da aka zaɓa a maimakon nasa tsarin bai kawo zaman lafiyar ba, kuma abin da ya ce zai faru a Zurik ya faru har ya wuce yadda ya zata.

Ba a rasa Larabawan da suka amsa kiran ba, sai dai farashin ya yi tsada. Fauzi Darwish al-Husaini, ɗan dangin Muftin Kudus Alhaji Amin al-Husaini, ya kafa wata ƙungiya mai suna Falasɗinu Sabuwa. Ranar 11 ga Nuwamba 1946 mutanensa suka sa hannu a yarjejeniya da wata ƙungiyar Yahudawa masu neman sulhu, a kan ƙasa ɗaya mai al'umma biyu. Ranar 23 ga watan aka kashe shi. Bayan wannan, duk Balaraben da ke da irin ra'ayin sai ya kama bakinsa.

A watan Yuli 1947 Magnes ya sake bayyana a gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mafi yawan 'yan kwamitin suka zaɓi rabawa, ƙasashe uku, Indiya da Iran da Yugoslabiya, suka nemi tarayya guda. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 aka kaɗa ƙuri'a: 33 suka amince da rabawa, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Kason Yahudawa ya kai wajen kashi 56 cikin 100 na ƙasar. Washegari aka fara harbe-harbe.

Watan Afrilu 1948 ya zo masa da abu biyu a jere. Ranar 9, mayaƙan Irgun da Lehi suka afka wa ƙauyen Dair Yasin suka kashe Falasɗinawa sama da 100, har da mata da yara. Ranar 13, mayaƙan Larabawa suka tare ayarin motocin da ke kai likitoci da ma'aikata asibitin Hadasa da jami'arsa a kan Dutsen Sikofus, a unguwar Shaikh Jarrah, aka kashe mutum 78, ciki har da shugaban asibitin, Dakta Hayim Yaski. Mutanensa ne, waɗanda yake gani kullum. Sojan Birtaniya na kusa amma suka ɗauki sa'o'i ba su sa baki ba, abin da ya sa ya rubuta wa kwamandansu takardar ƙorafi.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ga tsufa ga ciwon zuciya, ya hau jirgi zuwa Amurka. A lokacin gwamnatin Amurka ta ɗan ja da baya daga rabawa, tana maganar a sa ƙasar ƙarƙashin riƙon amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, shi kuma ya ga wata 'yar ƙofa. Ranar 4 ga Mayu ya gana da sakataren harkokin waje Joj Mashal, ya ba shi shawarar a toshe hanyar kuɗi ga ɓangarorin biyu, don ya san yaƙin Yahudawa da gudummawar Amurka yake tafiya. Ka ji fa, Bayahude ne ke faɗa wa Amurka ta rufe wa mutanensa famfo. Washegari ya ga Turuman. Amma idan ana babbakar giwa ba a jin ƙaurin zomo. Ranar 14 ga Mayu Ben-Guriyon ya ayyana kafuwar Isra'ila, cikin mintuna Turuman ya amince da ita.

Magnes bai yi gaba da sabuwar ƙasar ba. Ya je otal ɗin da Hayim Waizman ya sauka a Niyok ya yi masa murna. Ya karɓi abin da ya faru, ya koma neman ƙasashe biyu masu cin gashin kansu amma ɗaure da juna a tarayya, tattalin arziki da tsaro a haɗe, Kudus kuma babban birnin kowa. A wannan ɗan lokaci masaniyar nan Hana Arent ta yi aiki tare da shi. Ya sa rai da mai shiga tsakani na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kawunt Banadot ɗan Suwidin, sai ga shi 'yan Lehi sun harbe shi a Kudus ranar 17 ga Satumba.

Abu na ƙarshe da ya tsaya a kai shi ne 'yan gudun hijira. Falasɗinawa sama da 700,000 ne suka gudu ko aka kore su daga gidajensu a wannan yaƙi. Magnes ya dage cewa a bar su su koma, yana mamakin yadda mutanen da suka fi kowa sanin zafin gudun hijira za su jefa wasu a ciki. Ya nemi babbar ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka, wadda da shi aka kafa ta a 1914, ta taimaka musu. Da ta yi biris da shi, sai ya ajiye muƙaminsa a cikinta. Ya mutu a Niyok ranar 27 ga Oktoba 1948 yana da shekara 71, wata biyar da kafuwar ƙasar da ya yi ta gargaɗi a kanta.

Abin mamaki, bayan mutuwarsa maganar ƙasa ɗaya sai ta sauya gida. A ƙarshen shekarun 1960 ƙungiyar Fatah ce ta ɗauki kiran ƙasa ɗaya ta dimokuraɗiyya ga Musulmi da Kirista da Yahudawa, lokacin kuma Isra'ila ce ke da ƙarfi, ba ta ko saurara ba. A 1999, da ya ga yarjejeniyar Oslo ba ta kai ko'ina ba, masanin nan Bafalasɗine Edwad Sa'id ya rubuta a wata mujallar Niyok yana goyon bayan ƙasa ɗaya, ya kuma ambaci sunan Magnes da Buba da Arent cikin waɗanda suka riga shi. Yau tsakanin Kogin Jodan da Bahar Rum, yawan Yahudawa da na Falasɗinawa ya zo kusan kunnen doki, kowane ɓangare wajen miliyan 7, wato adadin da Ihud ta yi mafarkinsa, amma iko na hannun ɓangare guda. A 2018 majalisar Isra'ila ta yi dokar da ta ce 'yancin ƙaddara makomar ƙasa a cikinta na Yahudawa ne kaɗai.

Jami'ar da ya gina kuwa, bayan yaƙin 1948 harabarta ta Dutsen Sikofus ta zama tsibiri a tsakiyar yankin da Jodan ke riƙe da shi, ba malami ba ɗalibi, sai ayarin masu gadi da ke shiga duk mako biyu ƙarƙashin idon Majalisar Ɗinkin Duniya, har zuwa 1967. Maɗaba'ar jami'ar na ɗauke da sunansa har gobe, haka ma wani gidan adana tarihin Yahudawa a Bakili da ke Kalifoniya. Bayan wasu shekaru aka tono gawarsa daga Amurka aka kai ta Kudus, aka binne a maƙabartar Sanhediriya, a unguwar da a lokacin take dab da layin waya da ya raba birnin gida biyu.